Lamba 5208 Ta Waye?

Akwai wani injiniyan kwamfuta da abokan aikinsa ke ce wa Ba-Kuskure, don bai taɓa cewa "na yi kuskure" ba. Ofishinsu ne ke kula da babbar na'urar wani asibiti, inda kowane injiniya ke da kwantenarsa, wato keɓaɓɓen ɗakin da manhajarsa ke gudana.

Wata safiya sakamakon gwajin jini ya daina fita, marasa lafiya suka cika baranda. Babbar na'urar ta nuna wani aiki mai lamba 5208 ne ya shaƙe ta.

Ba-Kuskure ya bi kwantenonin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, sai ga 5208 a ta Maman 'Yan Biyu, wadda watanta ɗaya da dawowa daga hutun haihuwa.

Ya buga tebur a gaban manajansu. "Oga, ga mai laifi! Dama na faɗa, goyo da aiki ba sa haɗuwa."

Manaja ya ce, "Innalillahi! Baiwar Allah, tattara kayanki."

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ranka ya daɗe, minti biyu kawai. Wanda ake kira Baba a gida, ai wani sunan yake amsawa a kasuwa. Lambar cikin kwantena daban, ta babbar na'ura daban."

Ba-Kuskure ya yi dariya. "Yau kuma ƙwai ne zai koya wa kaza?"

Ta buɗe bayanan 5208 daga babbar na'urar, sai ga lambobi biyu a jere: 5208 a babbar na'ura, 9 a cikin kwantena. Ga sunan kwantenar kuma ɓaro-ɓaro.

Manaja ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya dubi Ba-Kuskure. "Kai! Wannan ba taka ba ce?"

Tasa ce kuwa, kwantenar da ita kaɗai bai leƙa ba. Aka tsayar da aikin mai lamba 5208, sakamako ya ci gaba da fita.

Manaja ya juyo kansa a fusace. Maman 'Yan Biyu ce ta tare: "A yi masa haƙuri, Oga. Shi ma yana da masu jiran sa a gida."

Ba-Kuskure ya sunkuyar da kai. "Yaya, na yi kuskure."

Darasi: Kafin ka nuna wa wani yatsa, ka tabbatar, kuma ka fara leƙa ɗakinka. Ku tura wa abokan aikinku, ko wani zai tsira da abincinsa.