Talatar da Sarki Ya Goge

A zamanin da, tun ana auna mutum da maganarsa, an yi wani sarki ana ce masa Barmo. Mutumin kirki ne, sai dai zuciya gare shi kamar wutar kara. Wata Talata aka kawo masa tsegumi, wai Waziri Jatau, abokinsa tun suna wasan ƙasa, ya kwashe hatsin rumbun fada. Sarki bai bincika ba, ya sa aka tuɓe rawanin Waziri a gaban jama'a. Dattijo ya tafi gida kai ba komai.

Kashegari gaskiya ta fito: gara ce ta shiga rumbun, Waziri ya mayar da hatsin wani rumbu. Kunya ta rufe Sarki. Ga shi kuwa a ƙasar ba a taɓa jin sarki ya ce wa bawan Allah "yi haƙuri" ba.

Sarkin Fada, wanda bakinsa ya fi hankalinsa sauri, ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, abin ai mai sauƙi ne. A goge ranar. In babu Talata, wa aka tuɓe?"

Sarki ya yi murna. Sankira ya zaga gari yana shela: Talatar da ta wuce ba a yi ta ba, wanda ya ambace ta bulala.

To fa, sai gari ya rikice! Angon da aka ɗaura wa aure ranar ya tsaya a ƙofar gidansa, bai san ko mai gida ne shi ko baƙo ba. Waziri kuwa bai leƙo fada ba. Aka aika, ya ce ya shafa kansa ya ji ba rawani, kuma doka ta hana shi tuna ranar da ya ɓata.

Ana cikin haka sai ga wata mace da jaririya. Ta ce, "Zaki, liman ya ƙi raɗa mata suna, wai ba a haife ta ba. To, wace ce wannan da take tsotsona? Ni dai na san na sha naƙuda."

Sarki bai gama sosa ƙeya ba, wata tsohuwa ta durƙusa. Ta ce, "Godiya na zo yi, ranka ya daɗe. Mijina ranar nan ya rasu. Tunda ba a yi ta ba, na tuƙa masa tuwo. Ina zan same shi?"

Wallahi ba gatse take yi ba, da gaske take. Sarki ya sunkuyar da kai, hawaye ya zubo masa.

Ya tashi ya tafi da ƙafa, rawanin Waziri a hannunsa, har zauren Jatau. Ya tuɓe takalmi ya ce, "Na zalunce ka. Ka yi haƙuri."

Waziri ya ce, "Yaushe, ranka ya daɗe?"

Sarki ya ce, "Ranar Talata."

Waziri ya ce, "Madalla, yanzu akwai abin da zan yafe. Har bulalar da ta hau kanka na yafe." Ya miƙa kai, Sarki ya naɗa masa da hannunsa.

Daga nan suka wuce gidan tsohuwa suka yi mata gaisuwar mijinta, sai a ranar ta fara kukan rashinsa. Jaririya kuwa aka yanka mata rago, aka riƙa kiranta Talatu.

Tun daga nan, duk sa'ad da idon Sarki ya yi ja a fada, sai Waziri ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, Talatu tana gaisuwa."