Burgu da Injin Tace Mai

An yi wani Burgu mai haɗama da wata Bushiya mai haƙuri, suka haɗa hannu suka buɗe wurin matsar man gyaɗa a bakin kasuwar dabbobi. Babbar mai sayen mansu Zabuwa ce, mai tuyar ƙosai, wadda ba a taka ta ta yi shiru.

Man da aka matse yakan fito da duhu, cike da ɓurɓushin tunkuza da ƙasa. Shi ya sa suka sayi injin tacewa. Farantan ƙarfe ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai ƙyalle mai kauri. Sai a ɗaure su tamau, famfo ya turo mai da ƙarfi. Man ya ratsa ƙyallen ya ɗiga garau cikin duro, datti kuwa ya maƙale a baya. In ƙyallayen suka toshe, dole a kashe inji, a buɗe farantan, a kankare su.

Wata rana Zabuwa ta zo ta ce, "Gobe sunan jikana, duk dangi za su zo. Jarka huɗu nake so, kuma man da zan hango gindin kasko ta cikinsa."

Suka kama aiki. Kafin azahar sai ɗigar man ta ragu.

Bushiya ta ce, "Malam Burgu, kashe injin. Ƙyallayen sun cika."

"In kashe? Ana neman mai a kasuwa kamar me! In mun gama na Zabuwa, wasu huɗu zan ƙara in kai."

"Ba ka jin yadda famfon yake nishi?"

"Nishin aiki ne. Ke dai komai naki sanyi-sanyi, kamar tafiyarki!"

"Na ji. Bari in ɗauko wankakkun ƙyallaye a rafi. Kada ka taɓa komai."

Tana ba da baya, Burgu ya murɗa famfo har ƙarshe. Injin ya yi ta karkarwa, can sai aka ji ɓas! Ƙyalle biyu sun yage a ciki. Mai ya ɓarke yana kwarara.

Burgu ya yi tsalle. "Ashe tsoro ne kawai yake hana mu arziki!"

Bai ko duba launin man ba. Ya cika jarkoki, ya toshe, ya kai wa Zabuwa. Da Bushiya ta dawo ta tambaya, sai ya ce ai Zabuwa ta fasa saye, man kuma ya kai kasuwa.

Washegari Zabuwa ta ɗora kasko, baƙi sun cika gida. Mai ya hau kumfa da hayaƙi, ƙosai ya fito baƙi ƙirin. Surukarta ta gutsuri ɗaya, ta ji ƙasa ƙaras-ƙaras, ta tofar a gaban kowa.

Zabuwa ta ɗauki tiren ƙosai, dangi na biye da ita, har wurin matsar mai.

"Ina Burgu? Fito, macuci!"

Ya ce, "Hajiya, wataƙila wakenki ne."

Bushiya ta matso gaba. Ta kwance farantan injin, ta zaro yagaggun ƙyallayen ta ɗaga su kowa ya gani.

Zabuwa ta dire tiren a gabansa. "Tunda wakena ne, bismilla. Ɗaya kada ka rage."

Zabi suka kewaye shi. Burgu ya yi ta tauna yana hawaye, a ƙosai na tara haƙorinsa na gaba ya ɓalle. Bushiya ta sa sababbin ƙyallaye ta sake tace man, aka yi tuyar suna da la'asar. Da ta gama, ta miƙa wa Burgu buhun kayansa, ta ce, "Haɗin gwiwarmu ya ƙare. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya ƙi tsayawa ya gyara aikinsa don kwaɗayin samun da yawa, ƙarshe shi zai cinye ɓarnar da bakinsa, ya kuma rasa amanar da ake ba shi.