Jan Zaren Bakin Rijiya

Akwai wani mutum a wani gari, ana ce da shi Baban Sila. Mutum ne mai son ganin cikin abu. Duk rediyon da ta mutu a unguwar, a ɗakinsa take ƙarewa, ya kwance ta, ya baje kayan cikinta a tabarma yana ta kallo. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai. Ya daɗe da barin aikin gwamnati, amma hannunsa ya ƙi zama wuri ɗaya.

A gidansa akwai rijiya mai zurfi a wani lungu tsakanin madafa da katanga, hanya ɗaya ce kuwa ke kaiwa gare ta. Bakinta kusan daidai yake da ƙasa. Tana da murfin katako, amma maƙwabta suna shigowa ɗiban ruwa, wannan ya rufe, wancan ya manta. Da ba wanda ya damu, gama babu ƙaramin yaro a gidan. Ana nan sai aka fara kawo musu renon jikarsu Keziya, domin uwarta tana zuwa aiki. Keziya kuwa ta iya rarrafe, kafin ka juya ta ɓace maka.

Sai matarsa, Maman Sila, ta ce masa, "Baban Sila, rijiyar nan ta hana ni sukuni. Ka kira magini ya ɗaga bakinta."

Ya ce, "Za a kira shi. Amma kafin nan, bari in gwada wani abu."

To, in mai irin halin nan ya ce bari ya gwada wani abu, sai dai haƙuri. Ya tafi kasuwa ya sayo 'yar fitilar leza, irin wadda ke fitar da jan haske siriri, da batir, da 'yar ƙararrawa, da wani ɗan abu kamar ƙwayar wake wanda yake jin haske. Wannan shi ya sa wa suna ido. Ya zauna ya narka dalma, ya haɗa waya da waya, har ya ƙona yatsa bai ko ce uffan ba. Ya ɗaure fitilar a jikin bangon madafa, ya kafa idon a jikin katanga, suna fuskantar juna, can ƙasa kusa da turɓaya.

Da farko abin ya ƙi. Hasken rana ya cika idon, har bai iya bambanta shi da na fitilar ba. Mutumin ya yi ta sosa kai, daga baya ya zura idon cikin bututun tsohon biro, yadda ba hasken da zai same shi sai wanda ya fito daga fitilar. Sa'an nan ya kira matarsa da murna.

Ta zo ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce, "Ina abin yake? Ni ban ga igiya ba, ban ga shinge ba."

Ya ɗauko ɗan itace mai hayaƙi daga murhu, ya riƙe a tsakiyar hanyar. Sai ga wani jan zare ya bayyana a cikin hayaƙin, a miƙe sambal daga bango zuwa katanga. Maman Sila ta riƙe baki. Ta miƙa yatsa za ta taɓa shi, sai ƙararrawa ta tsala ihu, ta yi tsalle baya tana cewa, "Wayyo ni! Wane ne ya gaya mata?"

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Muddin hasken yana kaiwa ga idon, shiru za ta yi. Da zarar wani abu ya gitta ya tare shi, sai ta yi kuka."

Ta ce, "Ikon Allah! To, ta yi. Amma ka dai kira magini."

Sai dai mutumin nan ya manta da kaji. Ƙasar bakin rijiya kullum a jiƙe take, kaji kuwa can suke wuni suna tono. 'Yan tsaki su wuce, ƙararrawa ta yi kuka, ya taso da gudu, ya tarar ba kowa. Ya koma ya zauna, ta sake yin kuka. Abinci ba ya ciyuwa, barcin rana ya gagara. Sai ya ce, "Ai wannan ƙaramin gyara ne." Ya ɗaga fitilar da idon kaɗan, 'yan tsaki suka riƙa wucewa ta ƙasa. Saura manyan kaji. Ya ƙara ɗagawa. Saura wani zakara mai dogon wuya, wanda in ka gan shi yana taku sai ka ce shi ya haƙa rijiyar. Baban Sila ya bi shi da sanda yana auna tsayinsa, ya mai da zaren daidai gwiwar babban mutum.

Daga ranar gida ya yi tsit. Sai in maƙwabciya ta shigo da guga ne ƙararrawar take kuka, shi kuwa ya ɗaga kai ya ce, "Kun ji ta ko? Tana nan tana aiki." Maganar magini kuma ta bi ruwa.

Wata rana da la'asar, yana zaune a inuwa yana fama da wata tsohuwar fanka, Maman Sila tana tankaɗe, Keziya tana wasa da ludayi a bayanta. Wata maƙwabciya ta ɗebi ruwa ta tafi, ta bar murfin a gefe. Can sai Maman Sila ta lura ta daina jin ƙarar ludayin. Ta waiwaya, ba yarinya. Ta kai ido lungu, sai ga Keziya ta dafa bakin rijiya da hannu biyu, ta miƙa kai tana leƙen ruwa.

Matar nan ba ta san lokacin da ta watsar da garin ba. Ta zabura, ƙafarta ta gitta zaren, ƙararrawa ta tsala ihu, ta cafko ƙafar yarinyar daidai lokacin da hannunta ɗaya ya zame. Ta zube a ƙasa ta rungume ta, ƙararrawar tana ta kuka a kanta.

Da mijinta ya iso, ta dube shi ta ce, "Ka ji ta, Baban Sila? Ni ta kama."

Ya je ya durƙusa, ya sa hannu a ƙarƙashin zaren, ya kai ya kawo, ya kai ya kawo, ƙararrawa ba ta ce komai ba. Ya auna zakara, amma ko sau ɗaya bai auna jikarsa ba. Sai tsoho ya fashe da kuka kamar yaro. Kafin rana ta faɗi ya kawo magini, ya saukar da zaren ƙasa, kaji kuma aka yi musu akurki.

Ma'anar misalin nan kuwa ita ce. Rijiyar ita ce zunubi da hallakar da ke cikinsa. Ƙararrawar ita ce lamirin da Allah ya sa a zuciyar kowannenmu, yana aiki kuwa muddin hasken Maganarsa yana kaiwa gare shi. Sa'ad da muka fara bin Ubangiji, zaren yana can ƙasa. Ƙaramar ƙarya takan hana mu sakewa, in mun yi gulma mukan ji kunya, in mun kwana da fushi mukan tashi da nauyin zuciya. Kukan yakan dame mu. Maimakon mu kori kajin, sai mu ɗaga zaren. Mu ce, "Ai kowa ma yana yi." Mu ce, "Wasa ne kawai." Ba mu taɓa kashe ƙararrawar ba, 'yan'uwa, kaɗan kaɗan muke ɗaga ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, tana ci gaba da kuka a kan manyan abubuwa. In mun ji wani ya yi sata ko ya yi kisa, ranmu yakan ɓaci, sai mu ce lamirinmu lafiya lau yake. Alhali abin da zai kai mu rami, ko ya kai 'ya'yanmu da suke koyi da mu, ba a tsaye yake zuwa ba, da rarrafe yake zuwa.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in ka daɗe zuciyarka ba ta tsawata maka a kan komai ba, kada ka yi saurin cewa ka zama tsarkakakke. Yau in ka koma gida, ka durƙusa a gaban Ubangiji, ka roƙe shi ya nuna maka inda ka kai zaren.