Telan da Ya Shayar da Piyano Man Keke

Akwai wani mutum, tela ne, dattijo kuma a ikilisiyarsu. A hannunsa aka bar kula da babban piyanon majami'a, irin mai ƙafa uku. Kowace Asabar yakan goge shi har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Amma a buɗe cikinsa, wannan kam bai taɓa yarda ba.

Da damina ta yi nisa, sai maɓalli ɗaya ya fara maƙalewa. In an danna ya sauka, ya ƙi tasowa. Matar da take kaɗa piyanon ta ce, "Baba, a kira mai gyara ya duba ciki."

Ya ce, "'Yata, duk abin da ya maƙale mai yake so. Yau na fara taka keke?"

Ya ɗauko man keken ɗinki ya ɗiga. Na kusa da shi ma ya maƙale, ya ƙara mai. Da matar ta sake magana, sai ya ce ta riƙa tsallake waɗanda suka ƙi. Ku ji fa, a tsallake, sai ka ce kwata ce a hanya. Wannan taurin kai yana ba ni haushi ƙwarai.

Autarsa kuwa tun tana ƙarama take cewa da kiɗan piyanon nan za a shiga da ita ranar aurenta. Sai da makon bikin ya kama, rabin maɓallan suna kwance, ya aika a kira mai gyara.

Mai gyara ya zaro kayan cikin kamar aljihun tebur. Ya nuna masa 'yan gudumomin da suke bugun tsirkiya, da ƙyallen ulun da yake riƙe da kowane maɓalli. Duk sun sha mai, ƙura ta manne, sun yi danƙo.

Ya ce, "Baba, da farko laima ce kawai ta kumbura ulu ɗaya. Da na sassauta shi, shi ke nan. Yanzu sai an sake ulun duka, ba zai ƙare kafin Asabar ɗin auren ba."

Ranar aure amarya ta shigo da tafi kawai, idonta a kan piyanon. Yana can gefe a rufe, yana ta ƙyalli.

Ma'anar wannan misali ita ce, piyanon nan zuciyarka ce. Maɓallin da ya maƙale shi ne ɗan'uwan da ka daina gaisarwa, ko addu'ar da ta daina fita. Man keke kuwa dabararka ce: ka ƙara kuɗin baikon da kake sakawa a majami'a, ka ƙara murya a waƙa, don kada a taɓa inda ciwon yake. Na gaji da ganinmu muna goge waje. Ka bar Ubangiji ya buɗe ciki tun maɓalli ɗaya ne, domin wanda zai shiga ba kiɗa, wataƙila ɗan cikinka ne.