Ƙyallen Da Aka Ɗaure Wa Auta Haɓa

Akwai wata tela, gwanar ɗinki ce ta gaske, sai dai ba a faɗa mata ta ji.

'Yarta Auta, mai shekara shida, kullum baki a buɗe. In ta kwanta kuwa, sai minshari kamar na ƙato. Haƙoranta suka fara baƙi suna ruɓewa.

Tela ta ce ai alewar da surukarta, kakar Auta, ke ba ta ce. Surukar tata ta rantse rabon da ta ba yarinyar alewa tun bara, ta roƙa a kai ta a duba wuyanta, tunda da ƙyar take haɗiyar abinci. Tela ta ce ba mai koya mata reno, ta hana Auta shiga ɗakin tsohuwar.

Saura buɗe baki. Ta zauna ta ɗinka ƙyalle mai roba, daga haɓa zuwa tsakar ka, don ya riƙa rufe wa Auta baki.

Ran nan da rana Auta ta yi barci a shago kan tarin yadi. Uwar ta saka mata ƙyallen, ta koma kan keken ɗinki. Minshari ya ɗauke. Har murmushi uwar ta yi.

Sai ga kaka ta leƙo da kwanon abinci. Ta ce, "'Yar nan, me ya sami ƙirjin yarinyar?"

Tela ta waiwaya. Ƙirjin Auta na lotsawa, leɓɓanta sun yi duhu, ba ko sauti. Almakashin da take riƙewa kullum ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa. Kaka ce ta ɗauka ta datse ƙyallen. Auta ta ja iska da ƙarfi, ta fashe da kuka.

A asibiti likita ya haska maƙogwaron ya nuna musu. Naman gefe biyu ya kumbura har ya kusa haɗewa, na bayan hanci ma haka. Ya ce hancin ya toshe, da baki take numfashi, shi ya sa yawu ke bushewa, kuma yawun ne ke tsare haƙori.

"Ba alewa ba ce?" in ji tela.

Likita ya ce, "Hanyar numfashinta kika ɗaure da ƙyallen nan."

A wurin ta durƙusa gaban surukarta tana kuka.

An yi wa Auta aiki, yanzu bakinta na rufuwa da kansa. Amma har yau, in yarinyar ta yi barci a shago, uwar kan tsayar da keke ta kasa kunne.

Darasi: Yaron da ke kwana baki buɗe, yana minshari, haƙora na lalacewa, ba tsawa yake buƙata ba, likita yake buƙata. Kuma kada girman kai ya toshe mana kunne daga shawarar manya. Ku tura wa iyayen da kuka sani.