Waken Yagana

An yi wani mutum, wani bawan Allah baduku, a wani gari can baya, zamanin da unguwa guda ke kewaye rediyo ɗaya. Tanimu sunansa. Ku saurara, 'yan'uwa, mai goyo ta gyara zama.

Wata shekara yaƙi ya koro mutane daga gabas, aka sauke su a kangon bayan gidansa. Kullum rediyo na cewa a yi hattara da 'yan gudun hijira. Kafin maganar ta isa bakin rijiya ta koma wai guba suke sawa a abinci. Wa ya gani? Babu. Wa ya mutu? Babu. Amma kowa ya kulle 'ya'yansa.

Tanimu ya sa matarsa Hajjo ta zuba tuwo, ya kai wa wata mai yara uku, Yagana. Daga ƙofa ya yi sallama, ya ajiye.

To kun san ciyayya, kwano ba ya dawowa fanko. Da la'asar sai ga kwano, da ɗan dafaffen wake a ciki. Yaran gida suka yo kansa, Hajjo ta fizge.

"Malam, wallahi ba za su ci ba! Zubarwa zan yi."

"In kin zubar, ta katanga za ta gani."

"Ta gani mana! Ita ta haifa min su?"

Ni kam ban ga laifin Hajjo ba. Uwa ce, ni ma uwa ce.

Tanimu ya karɓi kwanon, ya fita ƙofar gida ya zauna. Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Baduku, ƙarasa min takalmina kafin ka ci, kar na yi biyu babu!"

Tanimu ya jawo kwanon gabansa. Ku saurara fa! Ya yi bismillah, ya ci. Ya zauna, unguwa ta zuba masa ido, Hajjo na bayan ƙyaure tana salati. Aka kira magariba, ya miƙe lafiya lau ya yi alwala.

Kunya ta kama Hajjo, ta ɗebi gero ta shiga kangon. Ta tarar da tukunya a kife, yara uku sun zuba mata ido.

"Baiwar Allah, ina abincinku?"

Yagana ta sunkuyar da kai. "Yaya, shi ne na zuba muku. A garinmu ba a mayar da kwano fanko."

'Yan'uwa, yau rediyon yana cikin wayarmu. Jiya ma an turo min murya wai baƙin bayan kasuwa na satar yara, na hana 'yata fita. Ban ce kar mu tsare 'ya'yanmu ba. Amma zato zunubi ne, ko ya zo da muryar mai labarai. Kafin ki tura, tambayi wa ya gani, a ina. Wadda kike tsoro, ita ma da nata 'ya'yan ta gudo, kuma wataƙila ba su ci ba.