Mayafin Sarauniya Kilishi

A zamanin da mutum da aljan ke cin kasuwa ɗaya, an yi wani sarki a Birnin Tsauniya mai suna Barmo ɗan Jatau, jikan maharban giwa, wanda idanunsa suka mutu tun yana saurayi, har ya zamana da ƙanshi kaɗai yake gane matarsa Kilishi, wani ƙanshi mai sanyi, mai ratsa zuciya, wanda ita da kanta take tatsowa daga ciyayin daji ba ta taɓa gaya wa kowa haɗinsa ba. Da Allah ya karɓi ranta, sarki ya rungume mayafinta ya daina cin abinci, ƙanshin kuwa kullum sai raguwa yake yi, shi ma yana ramewa tare da shi.

'Yarsa tilo, Gimbiya Ladingo, ta durƙusa gabansa ta ce, “Allah ya ja zamaninka, ba ni mayafin nan in kai wa Marƙabu, sarkin aljannun kurmi. An ce babu ƙanshin da ba ya iya warwarewa.” Sarki ya miƙa mata mayafin, ya ce, “Ki dawo mini da shi, 'yata. Shi kaɗai ya rage.”

Ta keta fadamu masu santsi da duwatsu masu zafi, ta ratsa Dajin Mantuwa, inda furanni ke busa ƙanshin da ke sa matafiyi ya manta sunan uwarsa, ita kuwa ta toshe hanci da bakin zane tana ta kiran “Inna, Inna” har ta fita. A ƙarshe ta isa fadar Marƙabu, dogo, baƙi wuluk, mai gemu kamar saiwar gamji, zaune tsakanin manyan tukwanen tagulla masu huci.

Da ya ji buƙatarta sai ya ce, “Ya 'yar sarki, sai na turara mayafin nan tururi ya kwashe abin da ke cikinsa, sannan in raba shi ɗigo-ɗigo. Amma ki sani, abin da ya fita ba ya komawa.” Ladingo ta daɗe tana kallon mayafin, ta tuna ƙasusuwan wuyan mahaifinta, ta ce, “A turara, ranka ya daɗe.”

Tururi ya tashi ya bi ta bututun azurfa, ya huce, mai ya fara ɗiga, aljanin yana kiran sunan kowane ɗigo. Ga man ɗoɗɗoya mai yaji-yaji, ga na tsaure mai kama da lemo, ga saiwar jema mai ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, ga kajiji, ga ƙaron hano. Can sai wani ɗan mitsitsin ɗigo ya taru a bakin bututun, Ladingo ta ji kamar mahaifiyarta ta sunkuyo kanta tana yi mata kitso. Ta kai hannu, ɗigon ya bi iska.

Ta ce, “Wannan na wace ciyawa ne?”

Marƙabu ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba na ciyawa ba ne. Ɗumin jikin mai shi ne. Wannan ba ya tsiro a dajina.”

Ta koma gida da kwalba cike da haɗin da aljannu suka auna mata, da mayafin da ba ya ƙanshin komai, aka tarye ta da tambura da guɗa. Sarki ya karɓi kwalbar ya shinshina, sannan ya yi murmushi ya ce, “Ita ce, 'yata. Allah ya yi miki albarka.” Ya sa a kawo tuwo, ya ci a gabanta loma bayan loma, hawaye na zuba cikin akushi. Bai tambayi mayafin ba, ita ma ba ta ambata ba.

Kafin damina ta faɗi sarki ya rasu, aka naɗa Ladingo sarauniya, ta yi mulki mai tsawo cikin adalci. Da fadawa suka tambaye ta abin da marigayi ya faɗa mata a ƙarshe, sai ta ce, “Cewa ya yi na sha hanya, in je in huta.” Allah ya jiƙansu baki ɗaya.